Su waye Jacq. da Kumm. da ake liƙawa a bayan sunan naman kaza?

"Assalamu alaikum Malam, barka da warhaka. Ni matashi ne, bayan na gama makarantar koyon aikin gona na fara ɗan noman naman kaza a leda da garin katako. A jikin kwalbar irin da nake saye an rubuta Pleurotus ostreatus (Jacq.) P. Kumm. Kalmomi biyun farko na san sunan kimiyya ne, amma wannan Jacq. da Kumm. ɗin fa? Wani abokina ya ce sunayen waɗanda suka gano shi ne. To in haka ne, ta yaya za a ce Bature ne ya gano irin abin da kakata take tsinta a gindin suri tun kafin a haifi babana? Sannan in na ga laimar kwaɗi da damina na ɗauki hotonta da waya sunanta ya fito, zan iya dogara da sunan in ci? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ƙanena, amin, Allah ya sa albarka a sana'ar. In na fahimce ka da kyau tambaya uku ka cusa a guda: su waye mutanen nan da ake gutsure sunansu, shin da gaske su suka gano abin, sannan ko sunan da suka bari zai iya zama maka jagora a bayan gari. Ta ukun ita ce mai haɗari, don haka bari in fara ba ka amsarta a gajarce kafin surutu ya ɗauke mu: a'a, kar ka ci. Dalili yana zuwa, kuma za ka ga ashe dalilin yana cikin tarihin sunayen ne.

Yadda ake karanta rubutun jikin kwalbarka

Ka ɗauki Pleurotus a matsayin sunan gida, ostreatus kuma sunan yanka. Wanda ke cikin baka biyu shi ne wanda ya fara raɗa sunan yankan, wanda ke waje kuma shi ne ya ɗauke yaron daga gidan da aka fara sa shi ya maida shi gidan da yake yanzu. Jacq. shi ne Nikolaus Joseph von Jacquin, haifaffen Leiden ta ƙasar Holan da ya yi rayuwar aikinsa a Biyana ta Ostiriya, shi ya bayyana abin a 1774 cikin littafinsa na tsirran Ostiriya ya kira shi Agaricus ostreatus. Ostreatus ɗin daga sunan wani abin ruwa ne mai kwanso irin ƙumba, in ka dubi laimar naka yadda ta baje gefe guda za ka ga inda tunaninsa ya tafi. Sai bayan shekara 97, wato 1871, wani limamin coci kuma malamin makaranta a garin Zerbst na Jamus mai suna Paul Kummer ya ce ina, wannan taron da aka jibge a gidan Agaricus ya yi yawa, ya rarraba su gida-gida, naka ya faɗa Pleurotus. Shi ne P. Kumm. ɗin. Shikenan fa, ba wani sirri a ciki.

Da ka riƙe wannan sauran duk sai su buɗe maka. Amanita muscaria (L.) Lam., jan nan mai ɗigo-ɗigon fari da ake zanawa a katun na yara, L. Linnaeus ne 1753, Lam. kuma Lamarck na Faransa da ya canja masa gida a 1783. Musca ƙuda ne da Latin, domin mutanen karkarar Turai suna marmasa shi cikin madara su kashe ƙudaje. Boletus edulis Bull. ba shi da baka biyu saboda har yau yana gidan da Pierre Bulliard ya sa shi tun 1782. Edulis kuwa ma'anarsa "ana ci" kawai, ka ga ba wata fasaha aka zuba ba.

Kafin Linnaeus, da kuma shi kansa

Dokar raɗa suna da muke bi ta tsaida ranar 1 ga Mayu 1753, ranar da aka ɗauka a matsayin ranar fitowar littafin Species Plantarum na Carl Linnaeus mutumin Suwidin, a matsayin mafari. Duk sunan da aka rubuta kafin wannan rana, komai kyansa, ba ya cikin lissafi sai in wani ya sake ɗauko shi daga baya. Wannan ya sa akwai mutanen da suka fi Linnaeus sanin abin nesa ba kusa ba amma ba ka cika ganin harafinsu a bayan suna ba.

Misali Carolus Clusius, tun 1601 ya fitar da bayanin naman kazan da ya gani a yankin Hungari, sama da nau'i ɗari, kuma rabon da ya yi irin na kakarka ne sak: ga waɗanda ake ci, ga masu cutarwa. Har sunayen da mutanen ƙauyukan suke kiran su da Hungariyanci da Jamusanci ya rubuta, ka ga ke nan a wurinsu ya koya. Amma gwanina ni a cikinsu duka shi ne Pier Antonio Micheli na birnin Florence a Italiya, ɗan talakawa da bai yi jami'a ba. A lokacinsa yawancin masana sun ɗauka laimar kwaɗi daga ruɓa da danshi take fitowa haka kawai ba iri. Shi kuwa ya duba da madubin ƙara girman abu ya ga ƙurar irin, ya barbaɗa ƙurar fumfuna a kan yankan shammam, ya jira, sai ga irin abin da ya ɗebo ƙurar daga jikinsa ya sake tsirowa. Ya buga wannan a 1729. Kai da kake zuba iri a leda yau, kakan sana'arka ke nan. Shi ne kuma ya raɗa sunan Aspergillus wa wata fumfuna, saboda a ƙarƙashin madubi ta yi masa kama da abin da limaman cocinsu ke yayyafa ruwa da shi. Kar ka ce wannan labarin nesa ne: ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan nan, Aspergillus flavus da Link ya raɗa wa suna a 1809, ita ce koriyar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, dafinta shi ne aflatoksin mai lalata hanta. Duniya ta farga da dafin ne a 1960 lokacin da talotalo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila bayan an ba su tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil.

Shi Linnaeus gaskiya wannan fanni ba nasa ba ne. Gwanin furanni ne, tsarinsa duk a kan ƙirga sassan fure ya ginu, to abin da ba ya fure ya zai yi da shi? Sai ya tura su can ƙarshen littafi tare da gansakuka. Gida 10 kacal ya ba su, nau'in da ya lissafa ma ba su kai ɗari ba. Duk mai haƙarƙari a ƙarƙashin laima Agaricus ne, duk mai ƙananan huduji Boletus, mai haƙora Hydnum, mai tusar ƙura in an taka Lycoperdon. Da bakinsa ya amsa cewa sashen nan a hargitse yake kuma abin kunya ne ga masu ilimin. A 1767 ma har ya karɓi zancen wani Bajamushe cewa ƙurar irin tana ƙyanƙyashe ƙananan halittu masu motsi in an jiƙa ta, ya buɗe musu gurbi a cikin dabbobi. Abin dariya, kodayake in ka bi ta wata fuskar bai yi nisa da gaskiya ba, tunda binciken zamani ya nuna dangin fumfuna sun fi kusa da dabbobi a kan tsirrai, kuma tun 1969 Whittaker ya ware musu masarautarsu daban. Abin da Linnaeus ya ba mu wanda ba a iya biyansa shi ne tsarin kalma biyu. Kafin shi sunan abu guda jimla ce mai tsawo. Naman kazan da ya fi kowane kisa, wani masanin tsirrai na Faransa mai suna Vaillant ya bayyana shi a littafin da aka buga 1727 da jerin kalmomin Latin masu cewa ga siffarsa, yana da zobe, kore-kore ne mai dauɗa, a baje yake. Wannan duk suna ne. Ka yi tunanin rubuta shi a jikin kwalba.

Masu zane, sannan mutum biyu da suka share gidan

Tsakanin 1760 da 1800 aikin ya zama na masu zane, kuma da dalili. Ganyen bishiya in ka danne shi a takarda zai shekara ɗari ana gane shi, laimar kwaɗi kuwa kwana biyu ta narke ko tsutsa ta cinye, in ta bushe ma launi ya gudu. To sai zane. Jacob Christian Schäffer, limamin coci a Regensburg, ya fitar da mujalladi 4 tsakanin 1762 da 1774 da zane masu launi 330. Scopoli, wanda ya yi aikin likita a mahaƙar ma'adinin zaiba ta Idrija, a ƙasar Sulobeniya ta yanzu, a 1772 ya raɗa Agaricus procerus, dogon nan mai kama da laimar sarki da yanzu ake kira Macrolepiota procera, ka riƙe wannan sunan za mu dawo kansa. Bulliard ya koyi sassaƙa zane da buga launi da hannunsa, yana kan aikin har ya mutu a 1793 ana tsakiyar juyin juya halin Faransa. A Landan William Curtis ya zana wani mai ƙyalli kamar an shafa masa fenti a 1781 ya kira shi Boletus lucidus.

Matsalar ita ce kowa a garinsu yake, wasiƙa na wata da watanni a hanya, sai ka tarar abu guda yana da suna biyar ko shida, wani sunan kuma an ba abu uku daban-daban. Mutum biyu ne suka zauna suka tsefe wannan kitso. Na farko Christiaan Hendrik Persoon, kuma ga abin da ɗalibaina ba sa yarda in na faɗa musu, a Afirka aka haife shi, a Kef ta Afirka ta Kudu, 1761, aka tura shi Turai karatu yana yaro bai sake komawa ba. Littafinsa na 1801 shi ya fara sa tsari. Ya ƙare rayuwarsa a wani ɗan ɗaki a Faris cikin talauci, har ya miƙa wa gwamnatin Holan tarin busassun samfuransa aka riƙa ba shi ɗan fansho, suna Leiden har yau. Na biyu Elias Magnus Fries, ɗan limamin wani ƙauye mai suna Femsjö a Suwidin, wanda ya fara fitar da Systema Mycologicum a 1821 yana ɗan shekara 27 bai ma cika ba, ya kammala 1832. In ka ga Fr. shi ne, kuma za ka gan shi har ka gaji.

Dabarar Fries ita ce har gobe nake fara koya wa ɗalibai a makon farko: launin ƙurar iri. Ka yanke laimar daga karanta, ka kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi, ka kwana. Da safe za ka ga ƙurar ta zubo ta zana haƙarƙarin, ko fara, ko ruwan hoda, ko ruwan ƙasa, ko baƙa. Da wannan da idonsa, ba tare da ya damu da madubi sosai ba, ya raba dubban nau'i. Girman aikin mutanen nan biyu ya sa na tsawon shekaru littattafansu ne ma mafarin lissafi, sai a taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Sidni a 1981 aka maida mafari 1753 amma aka ce duk sunan da Persoon ko Fries suka amince da shi a waɗancan littattafai yana da kariya, ko da an samu wanda ya girme shi ba zai ture shi ba.

To su suka gano?

A'a, abokinka ya ɗan kauce. Harafin ba ya cewa wane ne ya fara gani ko ya fara ci, abin da yake cewa shi ne wane ne ya fara buga sunan a rubuce bisa ƙa'ida, da bayanin da wani a wata ƙasa zai karanta ya gane. Kamar malamin asibiti ne da ya cike takardar haihuwa, sa hannunsa na jiki amma ba shi ya haifi yaron ba. Amfanin harafin a wurinmu shi ne adireshi: in gardama ta tashi kan me ake nufi da ostreatus, sai a koma shafin Jacquin a duba.

Kuma sunayen da kansu suna tona asirin inda aka samo ilimin. Ka san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa kam'a tana daga cikin mannu kuma ruwanta waraka ne ga ido. Kam'a ɗin nan dangin naman kaza ce mai girma a ƙarƙashin yashin hamada kamar dankali, Larabawa sun san ta fiye da shekara dubu kafin a haifi Linnaeus, kuma da Turawa suka zo sa mata sunan gida sai suka ce Terfezia, daga terfas, yadda mutanen Arewacin Afirka ke kiran ta. Haka Rumphius, ma'aikacin kamfanin Holan a tsibirin Ambon na Indonesiya, wanda ya makance a 1670 amma ya ci gaba da aikin ana rubuta masa, shi ya bayyana wani mai fitowa daga wani ƙaton curi a ƙasa ya kira shi Tuber regium, Fries ya ɗauko sunan a 1821, yau Pleurotus tuber-regium. Wannan curin shi ne osu da Inyamurai ke niƙawa a miyar agushi, in ka shiga kasuwar da suke da rumfuna za ka gan shi. Su ba su jira Rumphius ba, shi ma mutanen Ambon ne suka nuna masa.

Daga ɓangarenmu na Afirka ta Yamma, na farko-farkon da suka shiga littafin Latin sun bi ta hannun Palisot de Beauvois, Bafaranshen da ya sauka Warri da Benin a 1786 ya yi wajen shekara biyu zazzaɓi na kada shi, daga baya ya raɗa gidajen Favolus da Microporus daga abin da ya tsinta a can, irin masu taurin nan da ke manne a ruɓaɓɓen icce. Sai Adam Afzelius, almajirin Linnaeus, da ya tara nasa a Saliyo a shekarun 1790, Fries ya yi aiki a kansu daga baya. Ka lura duk bakin teku ne, kuma yawanci masu tauri ne da za su jure tafiyar jirgin ruwa. Masu laushin da ake ci ba sa isa Turai da siffarsu. Shi ya sa na kakarka, na gindin suri, wanda gara ce ke noma shi a cikin gidanta, bai samu sunan gidansa ba sai 1942 da Roger Heim ya raɗa Termitomyces. Mafi girma a gidan ma, wanda laimarsa ke kaiwa kusan mita guda, ana sayar da shi a bakin titi a Zambiya shekara da shekaru, amma sai 1980 aka rubuta shi a matsayin Termitomyces titanicus. Wa zai ce a 1980 aka gano abin da ya kai faifai girma? Akwai dai guda da Linnaeus da kansa ya raɗa wanda za ka iya gani a fako ko gefen gona a ƙasashen Sahel bayan ruwa, fari dogo kamar taɓarya ƙarama, in ya tsufa cikinsa ya zama baƙar ƙura. Podaxis pistillaris ke nan, a 1771 ya sa masa suna, amma samfurin daga Indiya aka aiko masa.

Inda tsofaffin sunayen ke yaudara

Yanzu ga dalilin a'a ɗin da na ce maka. Mutanen nan abin dajin Suwidin da Faransa da Jamus suka bayyana, kuma da yawa daga cikin sunayen ba su da wani samfuri da aka ajiye, zanen ne kawai hujja. Da masana suka fara zagaya duniya da littattafan nan a hammata, duk abin da ya yi kama sai a liƙa masa sunan Turai. Kama da wane kuwa ba wane ba ce. Da gwajin DNA ya zo, musamman daga 2012 da aka amince da wani yanki guda na ƙwayar halitta a matsayin ma'auni, sai ga shi abin da ake kira suna ɗaya ashe goma ne.

Na Curtis ɗin nan mai ƙyalli shi ne misalin da ya fi ba ni ciwon kai. Karsten ya maida shi Ganoderma lucidum a 1881, daga nan duk wani ja mai ƙyalli a gindin bishiya a duniya ya zama lucidum. Wanda mutanen Sin ke nomawa ana sa shi a shayi da kofi ana tallan magani, shekaru ana rubuta masa lucidum, sai a 2012 masanan Sin suka nuna ba shi ne na Landan ba suka ba shi suna Ganoderma lingzhi. Ni kuma duk shekara sai ɗalibi ya kawo min furojet ya ɓamɓaro wani daga kututturen darbejiya ko mangwaro ya rubuta Ganoderma lucidum da ƙarfin hali, in na tambaye shi wa ya tabbatar masa sai ya nuna min hoto a waya. Abin da nake sa su rubuta shi ne Ganoderma sp., wato mun san gidan ba mu tabbatar da ɗan ba, ba sa so domin gani suke kamar aikin bai cika ba, amma shi ne gaskiya.

Kai ma naka bai tsira ba. Ostreatus na Jacquin ɗan sanyi ne, a Turai ƙarshen kaka da hunturu yake fitowa. Da yawa daga irin da ke yawo a ƙasashe masu zafi ɗan'uwansa ne Pleurotus pulmonarius, wanda Fries ya raɗa a 1821, ya fi jure zafi, wani lokaci kuma a sayar da shi da sunan sajor-caju alhali ainihin mai wannan sunan wani ne daban mai tauri a gidan Lentinus. Sajor-caju ɗin ma daga Rumphius ya taso, Malayanci ne, sayur kayu, kamar ka ce kayan miyan icce. In naka yana ba ka amfani a watan Afrilu ba tare da ka sha wahalar sanyaya ɗaki ba, ina zargin takardar kwalbar, amma duk ana ci, ba abin tashin hankali ba ne.

Na tashin hankalin su ne waɗannan. Dogon nan na Scopoli, Macrolepiota procera, Turawa na cinsa suna yabo. A ƙasashe masu zafi kuwa, har da namu, akwai wani da ke fitowa a fili mai ciyawa da damina, fari babba mai zobe mai ɓawo-ɓawo a ka, in ka ɗauki hotonsa daga sama waya na iya ce maka shi ne. Sunansa Chlorophyllum molybdites, Meyer ya bayyana shi a 1818 daga Guyana ta Kudancin Amurka. Amai da zawo yake sawa masu tsanani, ga yaro ko tsoho abin na iya muni. Bambancin yana ƙarƙashi: ƙurar irinsa kore-kore ce, ta procera fara, kuma yana ƙarami haƙarƙarinsa fari ne tas, koren sai ya manyanta. Hoto ba ya kwana a kan takarda.

Na biyu, wanda Vaillant ya yi wa dogon suna, Fries ya gajarta a 1821, Link ya kai shi gidan Amanita a 1833: Amanita phalloides. Ɗan Turai ne amma ya bi saiwar bishiyoyin da aka dasa ya isa Kalifoniya da Ostireliya da Afirka ta Kudu. A Kalifoniya da Ostireliya mutanen da suka yi ƙaura daga Kudu maso Gabashin Asiya sun sha tsintarsa suna zaton Volvariella volvacea ne, na Bulliard 1786, wanda suka saba nomawa a kan bambaron shinkafa a gida, domin duka biyun suna fitowa daga wata 'yar jaka a gindi. Mutane ne fa da suka san naman kaza tun suna yara, ilimin nasu gaskiya ne amma na ƙasarsu ne. Dafin ba ya mutuwa da dafuwa, ba ya nuna kansa sai bayan awa 6 zuwa 24, mutum ya yi amai da zawo ya ji kamar ya warke, alhali hanta na can tana lalacewa. Nan ma takardar Fries za ta raba gardama, na shinkafa ƙurarsa ruwan hoda, mai kisan fara. Kuma ka manta da zancen wai in tsutsa ko dodon koɗi na ci to mutum ma zai iya ci, ko wai cokalin azurfa zai yi baƙi in da dafi, duk ba su da tushe.

Nau'in da aka raɗa wa suna zuwa yanzu wajen dubu 150 ne, ƙiyasin masana na 2017 kuwa ya ce abin da ke duniya zai kai miliyan 2.2 zuwa 3.8. Manhajar wayarka da hotunan Turai da Amurka aka fi horar da ita, kuma ba ta iya cewa ban sani ba, dole ta ba ka sunan da ya fi kusa. Zai yiwu abin da ke bayan gidanku ba shi ma da suna a littafin kowa tukuna.

Ni kaina, da shekarun da na yi ina wannan aiki, ba na yanke hukuncin a ci daga hoto, ko wa ya turo. Iyakata daga hoto in ce maka ga gidan da nake zaton ya fito. In kana son in duba maka wani abu, ka haƙo shi da wuƙa har gindinsa kar ka tsinke, domin jakar gindin ita ce rabin shaida. Ka rubuta ranar da inda ya fito, a kan icce ne ko ƙasa ko suri ko kashin shanu, da bishiyar da ke kusa. Ka ɗau hoton sama da ƙasa da gindi, ka tsaga guda ka ga ko naman na canja launi, ka kwana da guda a kan takarda, sauran ka busar da su a wuri mai iska da ɗumi har su yi ƙaras, ka sa a ambulan na takarda ba leda ba don leda gumi take sa su. In kakarka na da rai, Allah ya ƙara mata lafiya, ka zauna da ita ka rubuta sunan da take kiran nata da watan da yake fitowa da alamar da take bi ta bambanta shi da wanda ba ta taɓawa, ka haɗo min da wannan a cikin ambulan ɗin. A jikin ledar da kake kai wa kwastomominka kuwa, Pleurotus kaɗai ya wadatar.